Rana a Kan Farin Ƙyalle

Ajingi, Litinin

Assalamu alaikum Bappa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Hansai. Na san ba ka son magana mai nauyi a waya, shi ya sa na ba direban motar Gaya wannan takarda.

Bakina ya janyo mini aiki. Na gaya wa 'yan ajina akwai ɗigo-ɗigon baƙi a fuskar rana. Tun daga ranar, da an fita tara sai na kama su suna leƙen ta ta cikin fasasshiyar kwalba. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Don Allah ka ara mini madubin hangen nesan nan da ke ƙarƙashin gadonka. Ba mai sa ido a ciki. Za a saita shi ga rana, hasken ya fito ta baya ya sauka a kan farin ƙyalle, kowa ya kalli ƙyallen.

'Yarka,
Surayya

Gaya, Laraba

Surayya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ba zan bayar ba.

Ba rowa ba ce, kuma tunda kin zama malama gara ki sani. Shekarar da aka yi husufin rana, 2006, ina koyarwa a firamare. Na ga mata suna kallon ranar a kwanon ruwa, na yi musu dariya, ni mai ilimi. Na turara gilashi da hayaƙin fitila na ba ɗalibaina. Wata yarinya, Zulfa, ta fi kowa daɗewa tana kallo. Washegari ta ce akwai tabo a tsakiyar idonta na dama, kuma bai taɓa gushewa ba. Iyayenta suka ce ƙaddara ce. Ni na san hannun da ya miƙa mata gilashin. Tun da aka kai ta aure Ajingi nake kauce wa kasuwarku.

Allah ya yi miki albarka.
Bappanki, Kabo

Ajingi, Juma'a

Bappa, barka da Juma'a.

Na yi kuka da na karanta. Amma Zulfa ai na san ta. 'Yarta Afra'u ce shugabar masu kwalbar nan, jiya ma na ƙwace ɗaya a hannunta. In ba a nuna musu ba, ba za su daina ba.

Surayya

Gaya, Asabar

Surayya,

Taurin kan ubanki kika ɗauko. Ga shi nan, na naɗe shi a bargo. Ki cire ƙaramin madubin da ke goye a bayansa, shi yara ke fara leƙawa. Ki rufe bakin babban da kwali, ki bar 'yar ƙofa kawai. Da inuwarsa za ki saita shi: in ta dunƙule ta zama ƙarama, ya fuskanci rana. Kada ya daɗe a buɗe, zafi na narka cikinsa. Ki kewaye shi da igiya, ki tsayar da babban mutum a wurin da ake kafa ido. Babba na ce, ba monita ba.

Ki rubuto mini ko me ya faru.
Kabo

Ajingi, Talata

Bappana, Allah ya ƙara girma.

Na gode, na gode! Da farko na sha kunya, na fi minti goma ina juya shi, ƙyallen fari fat, yara na ta ƙus-ƙus. Sai ga ranar, zagayayya kamar faifai, da ɗigo biyar a gefe guda. Baiwa mai sayar da awara ta ce ƙyallena ne ke da datti, ta sa gefen zani ta goge. Na matsar da ƙyallen, ɗigon ba su bi shi ba. Ta ja da baya tana salati. Afra'u da kanta ta tattara kwalaben ta zuba a shara.

Ka ce in tsayar da babba. Ka yafe mini, Zulfa na je na roƙa, kuma na gaya mata madubin na wane ne. Ta tsaya riƙe da igiya, ko ƙuda bai wuce ta ba. Da aka watse ta daɗe gaban ƙyallen, ta karkata kai tana kallo da idon hagu. Ta ce, "Ashe ita ma ranar da nata tabon." Sannan ta ce, "Ki gaya wa Malam, ni ban taɓa riƙe shi ba. Wanda ya koya mini karatu na sani. Ya daina ɓuya, ya zo ya ga Afra'u, ai 'yar ɗalibarsa jikarsa ce."

'Yarka mai godiya,
Surayya

Gaya, Laraba

Surayya,

Sau uku Hansai ta karanta mini, don idona ya ƙi tsayawa. Allah ya saka miki da alheri. Madubin ya zama na makarantarku.

Ina zuwa ran kasuwa. Ki gaya wa Zulfa ta huta, ni zan riƙe igiyar.

Bappanki