Tun Da Na Kwaikwayi Gudunta, Zalika Ta Koma Gadin Takalma

Assalamu alaikum Tanti Sharifa. Don Allah ki taimake ni, ki karanta takardar nan har ƙarshe, kada ki ce shaƙiyanci ne, don duk wanda na gaya ma maganar nan a garinmu dariya yake yi.

Ni ɗan kabu-kabu ne, mai haya da babur a Dakoro, shekarata ashirin da biyu, allo kawai na yi, rubutun nan ma a waya na koye shi. Kowa ya san ni da tsokana. Ni ne na taɓa zuba ma abokina Abdulmumini gishiri a shayi ran da surukinsa ya zo fadarmu ta hira. Ban taɓa jin kunyar halina ba sai bana.

Ina da taubashiya, Zalika, ɗiyar kawuna, shekararta takwas. Kin san wasan taubasai, tun tana goye nake ce mata baiwata. Tana da shekara huɗu ta faɗo daga amalanke a hanyar Ɗan Gulbi, ƙafar hagu ta karye, ɗorin ya kama a karkace, tun lokacin take ɗingishi. Uwarta, Uwale, ba ta barinta ko zuwa famfo. A lakwal ma, wato makarantar boko, in lokacin wasan motsa jiki ya yi, ita ake zaunarwa gindin bishiya tana gadin takalman ƴan ajinsu.

Bara aka kawo masu sabon malami, Mushe Attaher. Shi ya ce takalma ba su gudu, ba sa bukatar mai gadi. Ya ja mata layi a rairayi, ta fara da tafiya, sai sassarfa, sai rabin fili. Duk Talata da Juma'a. Ni shaida ne, don filin ba shi da katanga, kuma inuwar da muke aje baburanmu tana bakinsa. Kafin shekara ta zagayo yarinyar nan tana zagaye filin duka. Ta fara cinye tuwonta, ta fara ɗauko ƙaramin bidon ruwa daga famfo, har gaɗa ta shiga yi da yara.

Ran nan suna gudun miƙa sanda, ita ce ta ƙarshe a layinsu. Wallahi ban shirya ba. Igiya na gani a bayan babur, na ɗaure ƙafafuna kamar yadda ake ma raƙumi, na faɗa fili na bi bayanta ina tsalle ina karkacewa ina kiran Dabaibayi, Dabaibayi. Yara suka zube ƙasa don dariya. Abokina ya ɗauka a waya, har garin Tagriss an gani. Ita ko kuka ba ta yi ba, ta kai sandar, ta ba Mushe, ta tafi ta sa takalminta.

Yau wata biyar ke nan. Sunan ya bi ta, yaran da ba su san ni ba ma da shi suke kiranta. Duk Talata da Juma'a sai ta ce cikinta na ciwo, in an tilasta ta ta je, gindin bishiyar nan take komawa. Ta bar gaɗa, ta bar famfo. Ƙafar ta sirance, in za ta tashi sai ta dafa bango, abin da ta daina tun bara. Majo, babban ma'aikacin asibitinmu, ya ce ma kawuna ƙafar aiki take so, in aka bar ta zaune ƙarfin da ta samu zai zube. Uwale kuwa cewa ta yi dama ita ba ta so gudun nan ba.

Na je gidan na durƙusa gaban kawu na ce na yi laifi. Ya yi ta dariya har da tari, ya ce yaushe aka fara ba taubashi haƙuri, yarinya ce za ta manta. Matan gidan suna leƙa bayana suna neman abin da na ɓoye. Na sayo mata takalmin gudu a kasuwa, ta ƙi buɗe ledar, don na taɓa naɗe mata ƙadangare a takardar alawa. Ledar tana nan rataye a ƙusa. Mushe Attaher in na gaishe shi da kai yake amsawa, kuma an ce in aka yi hutun damina za a maida shi wani gari. Saura wata biyu.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. Shekaranjiya na same ta ita kaɗai a zaure, na ce mata ƙarya na yi ran nan, ba haka take gudu ba. Ta dube ni ta ce, “Haka nake yi. Na gani a waya. Da ban sani ba ne.”

Tanti, shekara guda yarinyar nan tana gudu tana zaton kamar kowa take yi, ni na nuna mata. Wannan ta ina ake gyara shi? Na daina tsokanar kowa, abokaina suna tambaya ko ba ni da lafiya. Ina ganin na karya mata ƙafar nan karo na biyu, kuma wannan karon babu maɗori.

Naki, Mai Bakin Tsiya, daga Dakoro.

Wa alaikumus salam, ɗana.

Na karanta har ƙarshe, ban yi dariya ba. Kawunka yana da gaskiyarsa: wasan taubasai zumunci ne, kuma ba da mugunta ka yi ba. Amma wasa ana yinsa ne da wanda zai iya ramawa. Ka girme ta da shekara goma sha huɗu, ka yi shi gaban ƴan ajinta, a kan abin da ba ita ta ɗora wa kanta ba. Laifi ne, dariyar kawunka ba ta wanke shi ba.

Sai dai na lura duk ƙoƙarinka na neman yafiya ne. Durƙuso, takalmi, magana a zaure, duka don zuciyarka ta huta. Ka ajiye wannan tukuna. Abin gaggawa ƙafarta ce, kuma wata biyu ba kaɗan ba ne ga jikin yaro.

Ka fara da malamin. Ka same shi shi kaɗai, ka faɗi abin da ka yi ba tare da ado ba, in ya yi faɗa ka shanye. Ka gaya masa abin da Zalika ta ce maka, don wataƙila bai sani ba, kuma shi ne ta yarda da bakinsa. Shi zai iya fahimtar da ita cewa e, gudunta daban ne, amma da shi ta zagaye fili. Kada ka sake ce mata ba ta ɗingishi, yaro ya san ƙarya. Ka roƙe shi kuma ya damƙa ta hannun wanda zai gaje shi.

Sannan abin da ke hannunka. Ka bi abokinka da duk wanda ka sani su goge hoton nan. Ku janye baburanku daga bakin filin ranar Talata da Juma'a, ba don ita kaɗai ba. Ban san yara nawa idonku ya zaunar ba. Sunan kuwa kai ka haife shi. Yaran unguwa suna bin bakinka, in suka ga fuskarka ta canza duk lokacin da aka faɗe shi, zai mutu a hankali.

Uwale tsoro take ji, ba taurin kai ba ne. Ka kai ta wurin majo da baburinka ta ji da kunnenta. In ta yarda, aiken famfo da na makwabta ma motsi ne, ba sai an jira fili ba.

Ba zan yi maka alkawarin Zalika za ta sake yin dariyar wasanka ba. Mai yiwuwa ka rasa wannan, kuma ka ɗauke shi da haƙuri. In ka ji labarin ta koma gudu, kada ka je kallo, kada ka taya ta murna, ka ɗauki fasinjanka ka bi wata hanya.

Allah ya ƙarfafa ƙafarta, ya saka wa malaminta, kai kuma ya bar maka raharka, ya ƙara maka sanin inda za ka ajiye ta.

Tanti Sharifa