Ɗigon Mai a Bakin Tukunya

Goggo Atine,

Don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle, ga Asabar tana matsowa. Kada ki buga sunana. Sunayen da zan ambata ma duk na canza su, ko da yake 'yan Jos da ke yankin nan ba mu da yawa, wanda ya sani ya sani.

Ni matar aure ce a garin Manassas, a nan Amurka, ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Maigidana da wansa, wanda nake kira Yaya, da abokansu 'yan Jos, Musulmi da Kirista, sun daɗe suna wasan harbin fenti, wanda suke cewa fentbol. Goggo, ƙarti ne fa masu gemu, wasu har da furfura, su rufe fuska su shiga daji suna harbin juna da ƙwallayen fenti, su dawo gida jiki duk shati kamar an zane su da bulala, suna ta dariya. Tun farko na ce wannan shiririta ce, aka ce wai ba na son a motsa jiki. To, na ƙyale su, har masa nake soya musu.

Bindigar wasan da matsattsiyar iska take aiki. Kowa na da 'yar tukunyarsa da yake ɗaura wa bindiga, ƙarfin iskar ciki kuwa ya ninka na tayar mota kusan sau ɗari. Da a filin haya suke wasa, can ake cika musu. Sai suka samu aron wata gona a bayan gari, Yaya ya sayo manyan silinda irin na masu nutso a teku, ya ɗora a bayan a-kori-kurarsa, ya zama shi ne mai cika wa kowa. Bakanike ne tun a gida, gyaran babura ya yi a Jos, a nan ma garejin motoci gare shi. Mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba, shi ya kawo maigidana ƙasar nan, shi ya tsaya a aurenmu. Amma ba a gyara masa magana. Kuma duk abin da ya cije a duniya, ƙofa ce, kwaɗo ne, keken yara ne, maganinsa ɗaya ne a wurinsa, wani ɗan gwangwanin man inji mai dogon baki da ba ya rabuwa da motarsa.

Tun rikicin da aka yi a Jos farkon shekarar nan wasan ya canza. Ba wanda ya ce a rabu, amma sai na ga namu sun koma gefe ɗaya, Kiristocin gefe ɗaya. Kowa ya yi rashi a can, ko gida ko ɗan'uwa. Harbin ya daina zama na dariya. Mutum ya ɗaga hannu ya ce ya fita, a ci gaba da zuba masa a wuya da bayan kunne. Maigidana ya taɓa dawowa da leɓe a fashe, ya ce mini ba komai. Chuwang ne kawai, Kirista, abokin maigidana tun firamare, nas ne a garin Laurel, yake zagayawa yana tsokanar kowa don a saki fuska.

Ranar da abin ya faru na kai musu kular masa wajen motar Yaya, ana layin cika tukwane. Ta Chuwang ce a gaba. Ɗan bakin da ake cusa wa tiyo ya cije, ya ƙi shiga. Chuwang ya juyo yana yi mini ba'a wai tun daga nesa ya ji masata ta yi tsami. Da idona na ga Yaya ya ɗauko gwangwanin nan ya ɗiga mai a bakin. Ya jawo ta maigidana da ke biye a layi, ita ma ya ɗiga mata. Nan take na tuna a wurin aiki kullum ana ja mana kunne kada maiƙo ya kusanci tukunyar iskar numfashi ta tsofaffi. Sai na ce a raina ai wannan ba irin waccan iskar ba ce. Kuma ni wace ce da zan ce wa wan mijina ya dakata, a gaban maza? Ko ido ba na haɗawa da shi. Na ajiye kula na juya.

Ban yi nisa ba na ji ƙarar da ta toshe mini kunne. Gilashin bayan motar ya tarwatse, wuta ta tashi fau ta mutu, kan tukunyar ya tsinke ya yi sama, tiyon yana ta dukan jikin mota. Chuwang ne ke riƙe da tukunyar. Na gan shi a durƙushe, gemunsa na hayaƙi, ya ɗaga hannun dama yana kallo. Babu babban yatsa, tafin ya buɗe har ƙashi ya fito fari, jini na tsartuwa yana haɗuwa da fentin rigarsa. Innalillahi. Bai yi kuka ba, shi da kansa yake gaya mana inda za a ɗaure. Da ɗankwalina aka ɗaure.

Kafin motar asibiti ta iso, ƙaninsa Dalyop ya shaƙe Yaya a jikin mota yana cewa da gangan ne, abin da aka fara a Jos aka zo ƙarasawa a nan. Maigidana ya kwaɗa wa Dalyop gindin bindiga a goshi, goshin ya fashe. Nan fa wuri ya kacame. Mutanen da suka ci tuwo a gidajen juna suka hau naushi da shuri, mai rauni na kwance a ƙasa ana neman taka shi. Jiniyar 'yan sanda ce ta raba su. Chuwang ne ya kashe maganar ana ƙoƙarin saka shi a mota, ya ce laifinsa ne, tukunyar ta hannu ya saya, kuma lokacin gwajinta ya wuce. Aka tafi a kan hatsari ne.

Ni kuwa na kasa sukuni. Na bincika a intanet, ashe ko iska ce zalla, in aka matse ta da ƙarfi a kan mai, wuta yake kamawa. Na gaya wa maigidana. Goggo, ban taɓa ganinsa haka ba. Ya yi jifa da farantin abinci ya daki bango, ya naushi ƙofar kicin ta huje, ya damƙe mini dantse har yau shatin yatsunsa bai baje ba. Ya ce ƙarya intanet take yi, Yaya ya fi ni sanin ƙarfe. Ya ce in maganar ta fita lauyoyi za su cinye garejin Yaya, kuma ba wanda zai yarda kuskure ne, za a ce Musulmi ya nakasa Kirista, labari ya kai Jos kafin mu rufe baki, a taɓa 'yan'uwanmu a can. Ya ce in na furta, a bakin aurena.

Na je gaida Chuwang. Matarsa Chundung, wadda ta riƙe ni a haihuwata ta fari lokacin ba ni da kowa a ƙasar nan, ta rungume ni tana godiyar ɗankwali. Shi kuma yana ta zagin kansa, wai rowa ce ta ja masa, ga shi ba a san ko zai sake riƙe allura ba. Wallahi ajiye ruwan da ta ba ni na yi, na yi musu sallama.

Yanzu Yaya ya sayo sabon tiyo, ya ce Asabar mai zuwa namu kaɗai za su fita, don kada a ce sun ji tsoro. Tukunyar maigidana na nan a garejin gida da man a bakinta, kuma shi zai riƙe ta in ana cikawa. Ina jin haushinsa, ina kuma tsoron in rasa shi. In yi magana aurena ya mutu, a kuma tayar da fitina, ko in yi shiru? Kuma ta wace ƙofa mace za ta ce wa wan mijinta kai ne ka jawo?

Taki,
Wadda ta gani, Manassas

'Yata,

Sannu da wannan tashin hankali. Na aika miki da amsar nan ta imel tun ranar da wasiƙarki ta iso, ban jira a buga ba, domin abin ba na jira ba ne.

Intanet ba ta yi ƙarya ba. Na tambayi masu sana'ar, kuma bakinsu ɗaya. Mai kowane iri, na inji, na girki, ko basilin, ba ya shiga bakin tukunyar matsattsiyar iska. Iskar in ta afka da sauri zafi take yi, man ya kama. Bakin da ya cije canza shi ake yi. Tukunyar maigidanki yanzu kada a kuskura a cika ta, kuma kada ki ce za ki goge ko ki kwance kanta da kanki. Ki kai ta shagon masu kayan wasan ki gaya musu an ɗiga mata man inji, su suka san ko kanta za a canza ko yar da ita za a yi. Haka duk tukunyar da ta taɓa bi ta hannun Yayanku, har da kayan cikawar. Mazan kuma su riƙa duba ranar gwaji da tsagewa a jikin tukunya, kada su wuce ma'aunin da aka rubuta mata, su buɗe iska a hankali, su sace iskar da ke cikin tiyo kafin su zare shi, kuma a kafe tukunya a wuri ɗaya, ba a rungume ta ba. Mafi sauƙi su koma filin da ke da masu horo.

Ban ce man ne kaɗai ba. Tsohuwar tukunya na iya samun nata rabon, wannan masana ne za su tantance. Kuma tsoron maigidanki ba na banza ba ne, duk mun san yadda magana take tashi daga nan ta sauka a Jos da wata kama. Amma ki sake duba abin da kika rubuto. Yaya ya ɗiga wa ta ƙaninsa. Wanda ya yi niyyar cuta ba ya haɗawa da ɗan'uwansa ciki ɗaya. Ke kika ga wannan, kuma ita ce shaidar da za ta wanke shi daga zargin Dalyop. Shirunki bai kare Yaya daga komai ba, Dalyop har yanzu ya yarda da gangan ne. In kuwa maganar man ta fito daga wani bakin bayan an ɓoye ta, a lokacin ne ba wanda zai yarda kuskure ne.

Kunyar wan miji girmamawa ce, ba a yi ta don a zuba ido babba ya hallaka ƙaninsa da hannunsa ba. Ki bi ta matar Yaya. In ta ja ƙafa, ki yafa mayafinki ki je ki durƙusa ki gaishe shi, ki faɗi abin da kika gani da abin da masu shago suka ce. Ba sai kin ce shi ya jawo ba. Bakanike ne, zai gane kafin ki rufe baki, kuma ki tausaya masa, domin ranar za ta yi masa nauyi. Daga nan ya ga lauya, sannan ya nemi dattawa daga masallaci da coci su raka shi wurin Chuwang. Wataƙila ya yi asara. Amma mutumin da ya rasa yatsa, ya kuma ɗauki laifi don ya raba faɗa, yana da haƙƙin sanin gaskiya.

Ban tsallake maganar dantsenki ba. Tsoro ne ya sa shi, amma tsoro bai halatta masa taɓa ki ba. Ki ɗauki hoton wurin, ki nuna wa babba da kika yarda da shi, kuma kada ki sake tayar da maganar nan kuna ku biyu. In ya ƙara ɗaga hannu, ki fita daga gidan ki kira 'yan sanda.

Batun aure, ba zan yi miki alkawarin da ba ni da iko a kai ba. Zai yi fushi, zai ma iya aikata abin da ya ce. Amma miji mai fushi ana zama a sasanta da shi, wanda tukunya ta fashe a ƙirjinsa kuwa sai dai a yi masa wanka. Ki tashi yanzu ki fitar da ita daga gidanki.

Allah ya ba Chuwang lafiya, ya tsare miki maigida, ya ba ki ƙarfin zuciya, ya kuma zaunar da Jos lafiya.

Goggo Atine