Jinin Rago a Mayafinki

Zuwa ga Ni'ima, sanyin idona, ruwan farko na damina, inuwar da nake gudu gare ta idan ranar Agege ta take tsaka.

Gaisuwar mai laifi nake miƙo miki. Da hagu nake rubutu, hannun dama yana ɗaure, ki yi haƙuri da karkatar baƙaƙen. Aikin jarida ya koya mini faɗin abu yadda ya faru, ba ƙari ba ragi, kuma haka zan yi.

Ni na rubuta wasan kwaikwayon da ƙungiyarmu ta shirya, daga labarin da kakata ke ba ni na Iyatu, waliyyar da sarkin garinsu ya sa aka sare wa kai don ta ƙi yin shaidar zur a kan wani manomi. Kika yarda ki fito a Iyatu. Duk samarin ƙungiyarmu suka ƙi fitowa a hauni, sai na ɗauki takobin katakon da kaina. Wata biyu ina kashe ki kullum bayan la'asar a ajin makarantar nan ta bakin layin dogo, kina faɗuwa kan tabarma, kina tashi da dariya kina cewa ko kaza ba zan iya yankawa ba. Wayyo wannan dariya! Ta fi kukan kanari daɗi, har ƙarar jirgin ƙasa ba ta iya danne ta a kunnena.

Kin tuna ranar da na raka ki gida, kika ƙi bin hanyar mayanka, muka yi dogon zagaye? A ranar kika gaya mini abin da ba ki gaya wa kowa ba: tun da danfo, motar hayar nan ta Legas, ta buge mahaifiyarki a gabanki, ba kya iya jure ƙarnin jini. Na ji. Na riƙe. Duk da haka, ranar wasa da safe na dubi zoɓon da muke zubawa a leda mu ɓoye a mayafinki, na ga bai yi kama da jini ba. Na tafi mayanka, na karɓo jinin rago, na musanya, ban gaya miki ba. So nake mutane su girgiza. Wane irin masoyi ne yake fifita tafin jama'a a kan amanar da aka ba shi?

Sun kuwa girgiza. Ajin ya cika da masu gadi, 'yan ci-rani, masu burodi, mata da goyo. Na ɗaga takobi, na sauke, leda ta fashe. Na ga lokacin da ƙarnin ya kai hancinki. Idanunki da suke kamar taurarin asuba suka juye, kika yi wata ƙara da babu ita a rubutuna, ƙarar yarinyar da ke tsaye a bakin titi. Wani ya yi ihu cewa na yanka ki da gaske. Yayanki Amadou ne ya fara isowa. Naushinsa ya fitar mini da haƙora biyu. Na faɗi, ƙafafu suka rufe ni, aka karya benci a bayana, wani ya take hannuna da takalmi har na ji ƙashin ya ba da sauti kamar busasshen kara. Bakina ya cika da jini, nawa ne wannan karon.

Sai na ji nauyinki a kaina. Ke, Ni'ima, jina-jina, kika kifa kanki bisa wanda ya cuce ki, katakon da aka ɗago domin kaina ya sauka a goshinki. Ɗinki bakwai! Goshin da nake kwatantawa da jinjirin wata, yau ɗinki bakwai ne a kansa saboda ni. Ina zan kai wannan? Na yi shekara ina rubuta waliyyar takarda, ashe wadda ta fi ta tana gabana ban gane ba.

Ban riƙe Amadou da komai ba. Da ni ne shi, da abin da zan yi ke nan. Ban kai ƙara wurin 'yan sanda ba. Editanmu ya nemi in rubuta labarin, na ce masa ba za a sayar da jarida da jininki ba.

Ƙawarki Hadijatu, wadda za ta miƙa miki wannan takarda, ta gaya mini babanki ya ba ki zaɓi: ki zauna, ko ki bi motar Asabar zuwa Maraɗi wurin gwaggonki. Ta ce kin haɗa kaya. Ya ke furen zuciyata, idan kika tafi, me zai rage a Legas ban da hayaƙi da hayaniya? Kogi zai ƙafe mini ana tsakiyar damina.

A cikin wasan, kafin hauni ya ɗaga takobi yakan durƙusa ya nemi gafara, Iyatu ta ce ta yafe. Ranar nan ma kin faɗa, da muryarki mai taushi, alhali ba ki san abin da na ɓoye a mayafinki ba. Wannan yafiya sato ta na yi, ba halalina ba ce, ga ta na dawo miki da ita. Ta gaskiya nake roƙo yanzu, bayan kin san komai.

Ranar Asabar zan zo tasha tun kafin a fara lodi. Idan kin zaɓi tafiya, ba zan tare ki ba, ni zan ɗaukar miki jaka da hannun da ya rage, in jira ki ko shekara nawa ne. Idan kuwa kin yafe, kalmomi biyun nan, "na yafe", sun ishe ni, amma kada ki faɗe su da muryar Iyatu. Da taki nake so.

Naki shi kaɗai har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
haunin da ya ƙone takobinsa,
Sunusi