Layar Motar Honarabul

Sintali, Jalingo.

Zuwa ga 'yata Fiddausi a Fatakwal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wannan takarda daga hannuna take, ni Alhaji Abdulmuttalib, wan mahaifinki, babban gidan nan, wanda in ya yi gyaran murya a zaure har kaji sai sun natsu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Abdulmumin da jikata Nasiba. Allah Ya ƙara miki juriyar aikin asibiti, Ya sa marasa lafiyan da kike yi wa allura su ji taushin hannunki, kada su gamu da wancan hannun da kike murɗe kunnen ƙannenki da shi.

Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Damina ta yi albarka, sabuwar doya ta cika Kasuwar Jalingo. Gwiwar Goggonki Binta ta yi sauƙi tunda ta fara shafa maganin da kika aiko, jiya ma da ƙafarta ta je barka unguwar Sarkin Dawaki ta dawo, ko keke ba ta hau ba. Jar akuyar nan ta haifi biyu. Ƙaninki Mus'ab kuwa yana nan, kullum kyau yake ƙarawa da hankali, duk layin nan babu saurayi kamarsa, wannan kowa ya shaida.

To, a kansa ne ma na zauna rubuta miki, domin abin da ya faru kin ga wani ɓangare a waya, amma ba ki ji yadda ya soma ba. Kin san Andrawus ɗan Mama Lucy, maƙwabciyarmu, wanda ya buɗe shagon cajin waya a bakin layi. A ƙuryar shagon ya kafa tsohuwar katifa a bango, ya ajiye kwamfuta da makirfo, wai situdiyo ke nan. Shi ke haɗa kiɗa, Mus'ab ke ɗora baiti. Da can ina ɗaukar wannan hip-hop ɗin hayaniya ce kawai ta yaran da wandonsu ya fi ƙarfin ƙugunsu. Da na kasa kunne sai na gane magana ce ake jerawa a kan kiɗa, kuma in harshe ya yi tuntuɓe sau ɗaya an ɓata layi gaba ɗaya. Yaran garin nan sai su fara da Hausa, su zarce Fulatanci, Andrawus ya jefa Mumuyanci a amshi, su rufe da Turancin kasuwa, kuma kowa ya gane. Aibinsu ɗaya, yawancinsu motar da ba su taɓa shiga ba suke yi wa kirari. Da lokacin zaɓe ya matso kuwa, kowane mawaƙi ya samu ubangida. Kiɗa ɗaya ne, baiti ɗaya, sunan ɗan takara kawai ake cirewa a sa wani, kamar yadda ake canza wa waya layi.

Shi Mus'ab, da yake yaro ne mai zurfin tunani, sai ya yi waƙarsa a kan kwalbatin layinmu, wannan da ya rufta tun kina gida. Kin san karatunsa na allo ne, bai taka aji ba, saboda haka duk baitocinsa da ajami yake rubutawa. Ranar wata Asabar Honarabul Elias, mai neman kansila, ya zo gaishe da dattawan unguwa, aka ajiye motarsa daidai ƙofar shagon Andrawus. Sai Shaiɗan ya raɗa wa yaron nan cewa ai ga hanyar isar da saƙo ba sai an bi ta hannun 'yan koren Honarabul ba. Ya yage takardar waƙar, ya ninke ta ƙanana-ƙanana, kuma don kada iska ta buɗe ta, ya ɗauko baƙin zaren ɗinkin Goggonki ya naɗe ta tam, ya saƙala a ƙarƙashin abin goge gilashi. A tunaninsa Honarabul zai buɗe, ya karanta, ya ji kunya. Bai tsaya ya tambayi kansa ba ko Honarabul ya taɓa riƙe allo, bai kuma dubi abin da ya ƙulla da idon wanda zai tsince shi ba.

Direba ne ya gani. An ce da tsinke ya warware zaren, ya ƙi taɓawa da hannu. Ya ɗauki hoto, kafin la'asar yana Fesbuk, an rubuta a ƙasa cewa 'yan adawa sun yi wa Honarabul asiri. Abin da ya fi muni, a cikin hoton, can bayan takardar, ga allon shago ya fito raɗau da sunan Andrawus. Fiddausi, ban san garin nan na da masana haka da yawa ba sai ranar. Wani ya ce sunayen aljanu bakwai ne a jere. Wata ta ce ta taɓa ganin irinta, mai motar bai kai sati ba. Wani daga Legas, wanda ko ƙofar Sintali bai sani ba, ya rantse ya san yaron shagon da wannan sana'a. Cikin masu sharhin nan akwai ɗaruruwan da suka yi makarantar allo, amma babu wanda ya buɗa hoton da yatsa biyu ya karanta, kowa sauri yake kada a riga shi magana. Kafin kwana biyu zance ya bar mota ya koma kan addini, ana tambayar me ya haɗa ɗan coci da rubutun Larabci in ba hayarsa aka yi ba, wasu kuma suna ramawa da abin da ba zan rubuta ba. Tun daren Asabar ɗin yaran Honarabul suka zo suka ce wa Andrawus ya rufe shago kafin su rufe masa. Kwana huɗu kwaɗo na rataye a ƙofar. Mama Lucy, wadda kullum sai ta leƙo ta tsokani Goggonki, ta daina fitowa ko shanya.

Mus'ab kuwa ya yi tsit. Zan so in ce miki dabara yake shiryawa, amma tsoro ne. Yaron da bakinsa ba ya hutawa sai ga shi yana cin tuwo ba surutu, har Goggonki ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne. Ya ga Andrawus ta katanga sau biyu, sau biyun yana sunkuyar da kai.

Ana cikin haka sai ga bidiyonki. Kina zaune da fararen kayan aiki, da alama hutun cin abinci kika samu, kika buɗa hoton kika karanta shi tiryan-tiryan. Kika karanta inda aka ce kwalbatin ya ga zaɓe uku kuma duk wanda ya zo sai ya ɗauki hoto da shi kamar ɗan uwansa. Da kika kai inda aka ce kwaɗin ciki sun daɗe a unguwar har sun cancanci katin zaɓe, dariya ta ƙwace miki, sai da kika goge ido. Wannan dariyar ita ta kashe wutar. Mutanen da jiya suke ganin aljanu, yau su ne ke tura kwaɗi a ƙarƙashin hoton. Kika ce wannan ba asiri ba ne, Hausa ce da haruffan da kakanninmu suka yi wasiƙa da su, kuma yaron shagon bai iya ko alif ba. Sannan kika ce wanda ya rubuta ya san kansa, tunda yana da hannun rubutu to ya nemo bakin magana. Ba ki faɗi suna ba.

Na kuma samu labarin saƙon muryar da kika tura masa shi kaɗai. Kin ce tun kallon farko kika gane hannun, domin duk duniya mutum ɗaya ne harafin kaf ɗinsa ke kishingiɗa kamar ya sha rana a gona, kuma ke kika yi fama da wannan kaf ɗin a kan allo shekara biyu bai miƙe ba. Kika ba shi wa'adi zuwa Juma'a. Saƙon bai kai minti ɗaya ba, amma ya saurare shi ya fi sau goma.

Bai jira Juma'ar ba. Ranar Laraba da hantsi ya same ni a zaure ya faɗi komai, daga nan na tasa shi gaba zuwa gidan Mama Lucy. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ce da Hausarta ita ba ta da magana, yaron da aka zaga a duniya yana ciki, shi za a ba haƙuri. Andrawus ya fito bai ko dube shi ba. Sai Mus'ab ya miƙa masa wayarsa ya ce ya ɗauke shi bidiyo a ƙofar shagon, a daidai inda aka ɗauki hoton. Ya tsaya a nan, rana tsaka, masu keke na rage gudu suna kallo, ya faɗi sunansa da na gidansu, ya ce shi ya rubuta, shi ya ƙulla, shi ya saƙala, Andrawus bai san komai ba, kuma shirun kwana huɗun nan ya fi saƙala takardar muni. Da aka gama Andrawus ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce baiti na biyu dama ya sauka daga kan kiɗa tun farko, in mutum ya gama kuka ya shigo a sake ɗauka. A gabana ya cire kwaɗon.

Honarabul kuwa, da ya ga waƙar ta zaga gari, sai ya aiko wai a sa sunansa a amshi, ya zo kuma ya ɗauki hoto da kwalbatin, na huɗu ke nan. Yaran suka ce amshi ya cika, babu wurin suna. Kwalbati na nan yadda kika san shi, kwaɗi na gaishe ki.

Ki gaida Abdulmumin da kyau, ki shafa mini kan Nasiba. Goggonki Binta na gaishe ki, ta ce a bar mata zarenta. Ƙannenki Murna da Zainulabideen suna gaisuwa. Mama Lucy ta ce in kin zo hutu doya mai kyau na jiranki, Andrawus kuma ya ce cajin wayarki kyauta ne har abada.

To, Adda Fiddausi, tsaya kada ki ninke takardar. Ba Baffa Abdulmuttalib ba ne. Ni ne. Baffa bai ce na fi kowa kyau ba, abin da ya ce kan hip-hop kuwa shi ne har yanzu kamar faɗan masu keke yake jin sa. Kunnena ya ja, ya ce tunda rubutu ne ya jawo, in zauna in rubuta miki godiya da hannuna. Sau uku ina farawa da sunana ina yagewa, na saba tsokanarki, ban san ta inda ake fara gode miki ba, shi ya sa na ari rawanin Baffa. Sauran labarin duk gaskiya ne. Da kin faɗi sunana a bidiyon nan, da an wanke Andrawus, amma da har yau ban iya haɗa ido da shi ba. Kin sauke abin da ya fi ƙarfina, kin bar mini wanda yake nawa. Na gode, Adda. Allah Ya saka miki, Ya raya Nasiba ta yi miki abin da kika yi mini.

Na san kuma ban ruɗe ki ko na layi ɗaya ba. Tun daga sallama kin ga kaf ɗin a kishingiɗe.

Ƙaninki,
Mus'ab