Ruwan da Inna Ta Ba Baƙo

Litinin, 7 ga Afrilu

An sa ni cikin kwamitin sa ido kan ruwan garinmu, Tungar Tamba. Ni Labbo mai busasshen kifi! Wai don ina jin Turanci. Kamfanin da ke wanke ƙasar zinari a bakin rafinmu shi ya kawo shawarar, shi ya sayo lemo. Mai ɓata ruwa shi ke ɗauko mai duba ruwa. Na dai sha lemona.

Asabar, 12 ga Afrilu

Argungu, sarin kifi. Masunta na ta cewa tarwaɗa na tasowa ciki sama a ƙasan wurin wankin. Na ce su rage murya. Ranar da Birnin Kebbi ta ji wannan, wa zai taya kifina? Hayaƙi na rufe abubuwa da yawa.

Talata, 15 ga Afrilu

Mai awon ruwa ya zo, Malam Mujtaba, da takalmin roba har gwiwa da akwatin kwalabe. Yaron kirki, irin wanda ake sayar wa kifin bara. Direban kamfani ya kai mu rafi can sama da wurin wankin, wai nan hanya ta fi kyau. Na gani, na kama bakina.

Sai rijiya. Wadda rabin gari ke sha tana cikin gidan Inna Baiwa, mahaifiyata, kuma baƙo namiji ba ya wuce zaure. Muka zauna ina zuba masa labari, aka shiga da kwalabe, suka fito cike da ruwa garau. Rijiyar da tun bara ta koma kalar koko. Na ce ikon Allah.

Juma'a, 2 ga Mayu

Sakamako ya fito: ruwa lafiya lau. An karanta gaban mai gari, an yi tafi. Ni ma na tafa.

Lahadi, 4 ga Mayu

Hanifa, ɗiyar ƙanwata Sharifa, ta sake shiɗewa. Ciwon ciki, amai, ido ya kafe. Ba ita kaɗai ba ce a unguwar. Likita ya tambayi ruwan da suke sha, na ce ai an auna, lafiya lau. Kallon da ya yi mini, shi nake yi wa mai cewa kifinsa na yau ne.

Talata, 6 ga Mayu

Na tambayi Inna ina ta ɗebo ruwan kwalaben nan.

"Kai Labbo, ba ka da kunya? Baƙo ya taho tun daga Birni in ba shi ruwa jawur? Na randa niz zuba mai, wanda ya kwana da alif, nit tace da ƙyalle. So kake a tahi a ce gidan Baiwa ƙazamai na?"

Na ce Inna, ba sha zai yi ba, awo zai yi!

"To a auna mu da mutuncinmu."

Alif ɗin da ke kwantar da laka na baƙi ne. Yara kuwa daga guga suke kafa kai.

Kamfani ya sha wahalar yi wa rafi dabara. Ta rijiya mu muka yi masa, kyauta, cikin ladabi.

Laraba, 7 ga Mayu

Na kira Mujtaba. Wai an rufe rahoto, zagaye na gaba sai bayan damina. Hanifa za ta jira damina ke nan.

Alhamis, 8 ga Mayu

Hanifa ba ta gane Sharifa ba yau.

Asabar, 10 ga Mayu

Ban je sari ba. Ƙafa ce ke ciwo.

Na dai ja guga da hannuna na cika farar jarka, na cika wata a ƙasan wurin wankin. Ranar Litinin zan aje su gaban Mujtaba a Birni, in zauna bisansu har a auna. Ba wani abu ba ne, ba na son a yi mini wayo ne kawai. Sunusi maƙwabcina a kasuwa ya bugo yana tambayar kifi, na ce yau ruwa na saro. In magana ta fita, rumfata ce ta farko da za a ƙaurace wa. Na sani.

Inna ba ta yi mini magana tun Talata. Amma da zan fita sai ta biyo ni har zaure da sabon zanenta, ta naɗe jarkokin, kar mutanen mota su ga kalar ruwanmu.

Na bar ta ta ɗaure. A tasha na kwance zanen.