Gonar da Shanu Ba Sa Iya Juyawa

Daren Laraba, farkon damina, Zoza.

Yau Malam Buba mai shanun huɗa ya zo ya dubi rabona na gonar marigayi Baba, ya girgiza kai. Ya ce, "Malam Sani, ka yi haƙuri. Shanuna ba su da wurin juyawa a nan, sai sun taka shukar maƙwabcinka." Maƙwabcin nan kuwa baƙo ne, shi ya sayi rabon ƙanena Habu.

Baba ya yi ta alfahari da yawanmu, kuma a zamaninsa gaskiyarsa ce. Muna noman gandu, kafin azahar mun kai ƙarshen gona. Da aka yi rabon gado, kowa ya tashi da 'yan kunyoyin da ba su ciyar da gida. Yanzu wasu na acaɓa a birni, wasu na dako a Kudu.

Ɗazu a rediyo wasu masu ilimi biyu ke ta musu. Ɗaya ya ce yawan jama'a ƙarfin ƙasa ne, ɗayan ya ce nauyi ne. Na kashe abina, don duka biyun na gani a gidan nan.

Matata Hadiza tana Falgore wajen iyayenta, haihuwa yau ko gobe. Ina murna, wallahi, amma me zan raba wa wannan?

Na ci tuwo a akushin da ni da 'yan'uwana muke kokawar sa hannu a ciki muna yara. Ni kaɗai, har ya yi saura.