Fuskar Da Suka Ƙwace Miki, Fanna

Zuwa ga Fanna, ruwan farko a kan shukata, inuwar ɗorawa a tsakiyar bazara, nonon safe a sabuwar ƙwarya, sanyin idona guda ɗaya da ya rage.

Sallama irin ta Musulunci gare ki, daga bakin da har yanzu ba ya buɗuwa sosai. Gwaggonki Tahira ce za ta turo wannan takarda ta ƙasan ƙofarki, tunda kin ce ko inuwata kada a bari ta ƙetare zaurenku. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yaga, don Allah.

Kin tuna kakar bara, ranar da na je taya Babanki yankan gero? Kika kawo mana fura kina ta mita wai hanya duk ƙarangiya, kika zauna a kan dami kina cire ta daga zanenki. Na ce ki bari in taya ki, kika ce in fara koyon riƙe lauje tukuna. Sai kika yi dariya. Wayyo wannan dariya! Wushiryarki ta bayyana kamar tsagin haske a ƙofar ɗaki, tsagen Barebarin nan da kakarki ta dage sai an yi miki suka lanƙwashe a kumatunki kamar kunyoyin gona bayan huɗa, baƙin fatarki yana sheƙi irin na ɗinya nunanna. Na yanke yatsana ina kallonki, ban sani ba sai da Baba ya nuna min jinin.

Wa ya taɓa zaton wannan fuskar ce za a kira laifi? 'Yan Awo suka zo da fararen motocinsu, suka kafa Gidan Gyara a filin da muke kiwo, suka ce duk matashin da fuskarsa ta saɓa wa zanen da ke allonsu sai an daidaita shi, wai da haka hassada da gori za su ƙare. Wanda bai yi gyara ba, babu makaranta, babu rumfa a kasuwa, babu ɗaurin aure. Suka ɗora min ma'auninsu a hanci da haɓa, suka ce na wuce. Ke suka shafa miki jan fenti a goshi, kamar tunkiyar da aka ware.

Ranar da suka tare ku a hanyar kasuwar Gezawa, ina cikin gona na ji ihunki. Na fito da fartanya a hannu. Na ga mutum biyu suna jan ki a ƙasa, mayafinki ya maƙale a ƙaya, ke kuwa kin dasa haƙora a yatsan ɗayansu kin ƙi saki har jini yana bin haɓarki. Na rafka wa na kusa ƙotar a ƙeya, ya kife. Ban ga na bayana ba. Gindin bindiga ya sauka a muƙamuƙina, na ji ƙashin ya ce ƙas, na biyun ya shige min ido. Ina kwance ina haɗiyar jini da ƙasa na ga yayanki Madu ya rungume ƙofar motar ya ƙi cikawa. Suka ja shi a kan tsakuwa har gindin kukar makaranta, sannan suka harbe shi. Allah ya jiƙansa. Da hannu ɗaya na taya haƙa kabarinsa, ana riƙe da ni.

Yanzu sun dawo da ke. An ce sun sauya miki fata ta koma launin garin masara, sun goge tsagen, sun toshe wushiryar, sun fere hancin. An ce ke da ƙawayenki Huseina da Aina'u kuna tsaye a tsakar gida, Inna ta fito tana duba ku ɗaya bayan ɗaya tana tambaya wace ce tata. An ce kin fasa madubi. Gwaggo ta rantse min ta same ki da gutsurensa a hannu, kina ƙoƙarin mayar da tsagen kakarki da kanki, rigarki jage-jage.

Fanna, hantata, numfashina, ki ajiye wannan gutsuren madubin. Jinin gidanku bai isa haka ba? Da wane ido Baba zai kalli makara ta biyu? Ba zan yi miki ƙarya in ce ban yi kukan fuskar da suka sace ba. Na yi, har ɗinkin idona ya ɓalle. Amma wuƙarsu ba ta kai inda tsiwarki take ba, ba ta kai zuciyar da ta ciji ƙato mai bindiga ba. Wannan yarinyar nake so, ita nake bi har kabarina.

Ni ma yanzu sun shafa wa ƙofarmu jan fenti. Mai ido ɗaya da karkataccen baki ya saɓa wa allo, sun ce in kai kaina su saka min na gilashi. Ba zan je ba. Wannan ramin da ke fuskata a kanki na same shi, babu mai cike min shi ina raye.

Kawu Muhammadu Sani zai yi lodin albasa zuwa gabas ranar Laraba, ta garin kakanninki, inda motocinsu ba su kai ba tukuna. Ya bar wuri a tsakiyar buhuna. Babanki ya amince, Gwaggo za ta raka mu, a ɗaura mana aure da mun sauka. Zan tsaya a bayan injin niƙa da an idar da azahar. In ba ki zo ba, ba zan hau ba. Su zo su same ni a nan, da fartanyata.

Roƙo ɗaya nake yi, kuma da kunya nake rubuta shi. Fuska irin taki ta cika garin nan yanzu, idona kuma ɗaya ne. In kin iso, ki riga ni magana, don kada ki ga na tsaya ina dube-dube ranki ya ɓaci. Ke ma kada ki ja da baya in kin ga tawa.

Naki a wannan fuska da kowace, har ranar da ƙasa za ta rufe ragowar idona,

Khalilu